Daga Halowin Zuwa Shan Kabewa: Bukukuwan Tsoro na Lokacin Kaka



An nemi mu yi magana a kan wani biki na Turawa wanda ake kira Halowin, watau bikin nan da ake yi a daren 31 ga Oktoba, inda yara da manya suke shigar fatalwa da mayu da ƙwarangwal, a fafe kabewa a yi mata ido da haƙora, a kunna kyandir a cikinta. Da aka kawo mana wannan batu mun yi jim, domin mun san a cikin wannan zaure akwai mai cewa, ina ruwan Bakabe da bikin fatalwar Turawa? Amma da muka tuna cewa duk ƙarshen Oktoba wayoyin da ke aljihunmu sukan cika da hotunan wannan biki, har mun fara ganin waɗansu otal-otal da makarantun kuɗi na manyan biranen ƙasar nan suna kwaikwayonsa, sai muka ga lalle batun ya iso ƙofar gidanmu. Abin da ya ƙara mana ƙarfin gwiwa kuwa shi ne kabewar nan. A hutun da ya wuce mun tambayi waɗansu samari 'yan makaranta, haifaffun ƙasar Argungu, ko sun san shan kabewa. Ɗaya ya ce ai ya sha ta a miyar taushe. Dukkansu sun san Halowin, amma ba wanda ya san cewa a ƙasar kakanninsa an yi wani biki na kaka, mai ban tsoro, wanda shi ma kabewa ce a tsakiyarsa.

Saboda haka za mu fara da na Turawan, tun da shi aka tambaye mu, sa'an nan mu komo gida.

Asalin maganar yana can tsibirin Ailan da ƙasar Sikotilan, a arewa maso yammacin Turai. Mutanen can, tun kafin addinin Kirista ya je musu, manoma ne kuma makiyaya, kuma sun raba shekararsu gida biyu, rabin haske da rabin duhu. Ranar 1 ga Nuwamba ita ce ƙofar rabin duhu, suna kiranta Sawin. A lokacin an gama girbi, an sauko da shanu daga tuddan da suka yi kiwo, an ware waɗanda za a yanka a adana namansu, domin ciyawar da aka tara ba za ta ishi garken duka ba. Wanda bai taɓa ganin hunturun can ba, kada ya auna shi da namu. Namu hazo ne da ƙura da faskarewar leɓe. Nasu kuwa rana takan faɗi tun kafin ƙarfe biyar na yamma, ƙasa ta daskare, ba abin da zai tsiro har wata huɗu ko biyar. Duk magidancin da ya dubi rumbunsa a daren Sawin, lissafi yake yi: abin nan zai kai mu bazara ko ba zai kai ba? Cikin tsofaffin gidan nan da jarirai, wa zai ga sabuwar ciyawa?

A irin wannan dare ne tsofaffin labaran Ailan suka ce tuddan da aljannu ke zaune a ciki sukan buɗe, mutanen ɓoye su fito su yi ta kai da kawowa a tsakanin mutane. Ana taruwa a ci a sha, kuma a waɗansu yankuna ana hura manyan wutace a kan tuddai. Daga baya an rubuta al'adun duba da ake yi a daren, 'yan mata suna jefa 'ya'yan itace a wuta don su san wanda za su aura.

A nan sai mu yi hattara, domin littattafai da yawa, da shafukan intanet da suka kwafe su, suna cewa kai tsaye Sawin bikin matattu ne na arna, wai limaman Kirista suka zo suka shafa masa fenti. Wani Bature mai suna James Frazer, wanda ya fara fitar da babban littafinsa a 1890, yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan ra'ayi. Amma masanin tarihi Ronald Hutton ya sake bin diddigin maganar a wani littafi da ya fitar a 1996, ya nuna cewa hujjar ba ta da ƙarfi. Labaran Sawin da ke hannu duka malaman coci ne suka rubuta su, ɗaruruwan shekaru bayan Ailan ta karɓi Kiristanci, kuma abin da suke ambato aljannu ne, ba matattu ba. Matattu ta wata ƙofa suka shigo.

Ƙofar kuwa ita ce coci. A shekarar 609 ko 610 Paparoma Bonifas na Huɗu ya mai da wani tsohon ɗakin gumaka na birnin Rum majami'a, ya keɓe ta ga Maryamu da shahidai, ana tunawa da su ran 13 ga Mayu. Sannu a hankali aka sami ranar tunawa da dukkan tsarkaka, kuma a 835, zamanin Sarki Luwis ɗan Sarki Sharlaman, aka tsayar da ita ran 1 ga Nuwamba a duk daularsa. Abin lura shi ne majami'un Ingila da Jamus ne suka riga yin ta a wannan rana, alhali na Ailan, inda Sawin yake, a watan Afrilu suke yin tasu. Bayan haka wani shugaban gidan masu zuhudu na Kuluni a Faransa, mai suna Odilo, ya ƙara ranar 2 ga Nuwamba don yi wa dukkan matattu addu'a. A imanin Katolika akwai wani masauki tsakanin mutuwa da aljanna inda ake tsarkake rayuka, kuma addu'ar masu rai tana rage musu zama a can. To, sai talakawa da yara suka riƙa bi gida gida, a ba su wata 'yar waina, su kuwa su yi wa mamatan gidan addu'a. Ga bara, ga sadaka, ga addu'a ga mamaci: ba mu tsammanin akwai wanda wannan zai yi wa baƙo a cikinmu. Sunan Halowin kansa ba ya nufin kome sai jajiberen ranar tsarkaka, a bakin mutanen Sikotilan, kuma mawaƙinsu Robert Burns ya yi waƙa sukutum a kan al'adun daren a 1785.

Watau dai kogi biyu ne suka haɗu, na aljannun Sawin da na matattun coci, suka gauraya har ba a iya raba ruwansu. Samarin ƙauye sukan yi shigar burtu, su shafa baƙin tukunya a fuska ko su juya tufafinsu, su bi gidaje suna waƙa, wanda ya hana su kuwa a cire masa ƙyauren shinge ko a toshe masa mafitar hayaƙi. Fitilar da suke riƙewa ba ta kabewa ba ce. Wani tushe ne mai tauri, kamar gwaza amma ya fi ta girma da zagaye, shi suke fafewa da ƙyar. Suna danganta fitilar da tatsuniyar wani mashayi mai suna Jak, wanda ya yaudari Shaiɗan, da ya mutu aljanna ta ƙi shi, wuta ma ta ƙi shi, ya zama mai yawo da garwashi a cikin fafaffen tushe.

Yunwa ce ta ƙetarar da bikin teku. Daga 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa a Ailan, wanda shi ne tuwon talakan ƙasar. Cikin 'yan shekaru mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan kuma suka yi ƙaura, mafi yawansu zuwa Amurka. A can suka tarar da kabewa, ga girma ga taushin fafewa, suka yar da tushen nan mai wuya. Da farko daren ɓarnar samari ne, har hukumomin garuruwa suka gaji da fashe-fashen tagogi, suka shiga shirya wa yara liyafa don a raba su da titi. Kalmar nan da yara suke faɗa a bakin ƙofa, mai ma'anar a ba mu ko mu yi ɓarna, ta fara bayyana a jaridun Kanada wajen shekarun 1920. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka daina rabon sukari da awo, kamfanonin alewa suka karɓi ragamar. Masu sinima suka biyo baya, musamman da fim ɗin tsoro mai sunan bikin wanda John Carpenter ya yi a 1978. A 2023 ƙungiyar 'yan kasuwar Amurka ta ƙiyasta cewa za a kashe dala biliyan 12.2 a kan tufafi da alewa da kayan ado na wannan dare ɗaya. Bikin ya kai har ƙasashen da ba su san Sawin ba, ba su san Odilo ba. A daren 29 ga Oktoba 2022, a wata 'yar siririyar hanya ta birnin Sol na Koriya ta Kudu, turmutsutsun masu bikin ya ci rayuka 159, yawancinsu samari da 'yan mata sa'o'inku.

Ku dubi tafiyar da kyau. An fara da magidanci mai tsoron yunwa da duhu, aka zo ga mai tsoron makomar mahaifinsa a lahira, aka ƙare da yaro mai jakar alewa. Tsoron ya fita, ɓawon ya saura, yara da 'yan kasuwa suka ɗauka. Wannan ita ce hanyar da muke so mu riƙe a zuci yayin da muka komo bakin Gulbin Kabi.

Mu ma muna da lokacin da shekara take juyawa. Idan damina ta ɗauke, gero ya shiga rumbu, dawa ta sunkuya, ruwan da ya malale fadama ya fara ja da baya, iskar gabas ta fara kaɗawa, to, kaka ta yi. Bahaushe yana son kaka, lokacin aure ne da dambe da kokawa da kalankuwa, lokacin da ko bawa yake ƙoshi. Amma a ƙarƙashin murnar akwai lissafi irin na mutumin Ailan. Damman da aka ɗaure za su kai wata damina? Fari za su zo? Sanƙarau da ƙyanda da agana, waɗanda suke biyo sanyi da rani, gidan wa za su shiga bana? Kafin a san allurar rigakafi waɗannan tambayoyi ba na wasa ba ne, kuma mutanen da ba su da amsa sukan nemi wanda za su tambaya.

Kabawan da, kamar sauran Hausawa kafin Musulunci ya zauna da gindinsa, iskoki suke tambaya. Masu binciken al'adun Argungu sukan lissafa manyan hidimomi huɗu na shekara waɗanda aka gada: gyaran ruwa, fashin ruwa, gyaran gari, da shan kabewa. Biyun farko na gulbi ne, suna hannun Sarkin Ruwa da masunta. Biyun ƙarshe na tudu ne, suna hannun 'yan bori. Gyaran gari, kamar yadda sunansa ya nuna, kore miyagun abubuwa ne daga gari da neman tsari daga annoba. Shan kabewa kuwa shi ne na kaka, kuma ba Kabi kaɗai aka san shi ba. Littattafan al'adun Hausawa da ake karantawa a makarantu suna jera shi tare da kalankuwa da buɗar dawa, kuma an san shi a ƙasar Arewa, daga Kangiwa har Dogonduci a Jamhuriyar Nijar.

Yadda aka ruwaito shi, idan kabewa ta nuna, 'yan bori ba su taɓa sabuwa sai an yi bikin. Shugabanninsu su sa rana, a aika wa na ƙauyuka, a taru da masu garaya da masu goge da mata masu kiɗan ƙwarya. A yi yanka, kowane iska da irin dabbar da yake so da launinta. A kawo kabewa a fasa. Makaɗa su shiga kiran iskoki ɗaya bayan ɗaya, kowa da takensa, su kuwa su hau dawakinsu, watau mutanen da suke hawa: Sarkin Rafi da haukansa, Ɗan Galadima da facakarsa, Kuturu da naƙasassun yatsunsa, Inna wadda ake kira Doguwa, wadda ko sunanta ba a cika son kamawa ba don tsoron shanyewar jiki. Jama'a su kewaye fili suna kallo, rabi sha'awa rabi fargaba, domin a bakin waɗannan ne ake jiran jin abin da shekara ta ƙunsa, ko lafiya ko cuta, ko ƙoshi ko yunwa, da abin da za a bayar don a kauce wa sharrin. Bayan nan ne kabewa ta halatta ga masu bin wannan hanya.

Kamannin a fili suke. Lokaci ɗaya ne na shekara, bayan girbi kafin sanyi. Imani ɗaya ne, cewa a wannan gaɓa mutanen ɓoye suna kusa. Ga duba, ga mutum ya zama wani abin da ba shi ba, ga kuma kabewa. Amma kada kamanni su rufe mana ido ga bambanci, domin bambancin ya fi koyarwa. Iskokin bori ba matattu ba ne. Bahaushe ya san fatalwa, ya san kurwa, ya san maye, amma bai taɓa ware wani dare da mamatan gida suke komowa ba. Sa'an nan wanda iska ya hau, a ganin mutanensa, ba shiga ya yi ba, ba kuwa wasa yake yi ba. Hana cin sabon amfani sai an yi biki ya fi kusa da bikin sabuwar doya na ƙasar Ibo fiye da kowane abu na Ailan.

Game da kabewar kanta akwai wani abu da ya ba mu mamaki. Masana tsirrai sun tabbatar da cewa kabewa, ko kabushi kamar yadda ake ce mata a wannan yanki namu, 'yar nahiyar Amurka ce, an fara nomanta a wajen Meziko shekaru dubbai da suka wuce, kuma ba ta ƙetaro teku ba sai bayan tafiyar Kolombos ta 1492, tare da masara da rogo da gyaɗa da barkono. Duma, wanda muke yin ƙwarya da gora da shi, shi ne ɗan gida. Kanta kuwa ya ɓalle daga Askiya na Songai ya kafa daularsa a Surame wajen 1516. Ashe ke nan a zamanin Kanta da wuya a ce kabewa ta iso Kabi. Abin da hankali zai ba mu shi ne ko dai bikin bai kai daular tsufa ba, ko kuwa ya girme ta amma da wani abu ake yinsa, kabewa ta zo daga baya ta gaje wurin, daidai yadda ta ture tushen nan na mutanen Ailan. Baƙuwa ce a can, baƙuwa ce a nan. Wannan ya isa ya sa mu riƙa sassauta murya idan muna cewa abu kaza al'adarmu ce tun fil azal.

To, me ya sami namu bukukuwan? Amsar farko kowa ya san ta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albabi da waɗansu littattafansa, ya yi kakkausan suka ga masu cewa su Musulmi ne alhali suna yanka ga itatuwa da duwatsu. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ta ci wannan birni da muke zaune a cikinsa, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita. Daga baya Nana Asma'u ta kafa tsarin 'yan taru, jajis suna bi ƙauye ƙauye suna karantar da mata, waɗanda su ne ginshiƙin bori. Amma Kabawa ba su miƙa wuya ba. Sun koma Argungu, Yakubu Nabame ya ta da tuta a 1849, aka yi ta gwabzawa da Gwandu da Sakkwato, in ban da 'yan shekarun Lafiyar Toga, har Turawa suka iso a farkon ƙarni na 20. Sarakunan Kabi Musulmi ne tun da daɗewa, kada a yi kuskure a nan. Sai dai sarautar da take yaƙin kare kanta ba ta da sukunin tsananta wa masunta da manoman da suke riƙe da ita, ga alama shi ya sa tsofaffin hidimomi suka daɗe a Argungu fiye da maƙwabtanta.

Daga nan hidimomin suka rabu hanya, kuma wannan rabuwa ita ce zuciyar maganarmu. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, ziyarar da ta rufe gabar shekara fiye da ɗari, Sarkin Kabi Muhammadu Sama kuwa ya shirya masa gagarumin su don girmamawa. Daga wannan rana fashin ruwa ya sami sabuwar ma'ana. Ya tashi daga sha'anin masunta da iskokin gulbi ya zama alamar sulhu, daga baya gwamnati ta ɗauke shi, aka ƙara masa nunin amfanin gona da tseren kwalekwale da kamun agwagwa da kokawa, kamfanoni suka kawo kyaututtuka. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. An dakatar da shi bayan na 2009 bai komo ba sai Maris 2020, kuma duk wanda ya ji ƙorafin masu masauki da masu abinci na Argungu a waɗannan shekaru ya san bikin ya zama kasuwa. Dubban mutane da homa da gora suna rugawa cikin Matan Fada, mai giwan ruwa mafi nauyi ya tafi da kyauta. Har yanzu Sarkin Ruwa yana da matsayinsa, har yanzu ana maganar kadduna da ba su taɓa kowa a ranar, amma baƙon da ya zo daga Legas da kyamara ba tsoro ya kawo shi ba. Idan akwai abin da ya bi hanyar Halowin a ƙasar nan, to, wannan ne: tsoro ya fita, ɓawo ya saura, ya kuwa yi albarka. Har ma ya riƙe wani amfani na asali, domin hana su a wannan yanki na gulbi sai ranar biki shi ne yake ba kifi damar girma.

Shan kabewa bai sami wannan gata ba. Ba shi da wani sarki baƙo da za a yi wa nuninsa, ba shi da gasa, kuma ba a iya raba shi da hawan iska yadda aka raba su da yanka. Da karatun addini ya yaɗu, musamman daga ƙarshen shekarun 1970, sai ya ja jiki ya koma bayan gari, masu yinsa suna tsufa, 'ya'yansu suna jin kunyar a ce gidansu ne. Ita ma kakar ba ta nan yadda take. Madatsar Bakolori da aka gama a 1978 da ta Goronyo da ta biyo baya sun sauya yadda ruwa yake malala a fadamar Rima. Injin ban ruwa ya kawo noman rani, kuma tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa bashi a nan Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, manomi da yawa yana girbi sau biyu a shekara. Wanda yake girbi a watan Mayu, ƙarshen Oktoba ba ƙofar shekara ba ce a gare shi. Ba wai tsoron ya ƙare ba, wanda ya ga ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa daga Argungu har Bagudo ya san bai ƙare ba. Sai dai yanzu hasashen masu duba yanayi ake saurare a rediyo, a kuma yi alƙunutu a masallaci.

Wani zai ce, to, ina rabon yara a namu? Ina shigar dodo da bi gida gida? Muna da shi, amma ba a kaka yake ba. Tashe ke nan. Daga goma ga azumi yara sukan manna gemun auduga, su cusa tsumma a ciki, su shafa gawayi ko farar ƙasa, su bi gidaje da Macukule da Jatau Mai Magani, a ba su hatsi ko 'yan kuɗi, a kuma yi wa gwauraye tsiya. Tashe ya rayu domin ya rataya a wuyan Ramadan, kamar yadda wasan samarin Ailan ya rataya a wuyan ranar tsarkaka, kuma tun da watan azumi yana zagaya shekara, ba ruwansa da girbi ko sanyi. Ga shi da abin da Halowin na yau ya rasa, watau ba'a mai gyara hali, inda yaro yake kwaikwayon malamin da ya kauce ko dattijon da ya zubar da girmansa, a yi dariya, amma mai abin ya ji a jikinsa. Iyayen da suke sayen fuskar roba daga Sin don ɗansu ya yi Halowin a makaranta, alhali suna hana shi fita tashe wai wasan 'ya'yan talakawa ne, su ne suka fi ba mu tausayi a duk wannan lamari.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba mu zo nan don mu ce a koma yanka wa Doguwa baƙar akuya ba, Allah ya kiyashe mu. Abin da kakanninmu suka bari don sun sami abin da ya fi shi, sun bar shi ke nan. Amma bauta daban, sani daban. Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello sun yaƙi Kabi, duk da haka sun zauna sun rubuta labarin yaƙin da na ƙasashen da suka tarar, shi ya sa muke da abin karantawa a yau. Mutanen Ailan sun kafa hukumar tattara al'adunsu a 1935, kuma daga 1937 zuwa 1938 suka sa 'yan makarantun firamare su je wurin tsofaffin ƙauyukansu su rubuto abin da suka ji a littattafan aikin gida. Waɗannan littattafai suna nan a ajiye a Dabilin, da su ake sanin yadda ake yin daren Sawin a kowane lungu. Mu kuwa, abin da aka rubuta a kan masuntan Kabi da hidimominsu, mai yawansa wani jami'in mulkin mallaka ne, P. G. Harris, ya buga shi a wata mujallar London a 1942, da Turanci. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu yana da kayan yaƙi da kayan su da kayan bori a ajiye, amma kaya ba su magana. Tsohuwar da ta san wace rana ake fasa kabewar, wa yake fasa ta, da me, ina ake kai 'ya'yanta, da abin da ya faru a shekarar da aka ƙi yi, ita ce mai magana, kuma ba ta da sauran damina da yawa.

Hutu yana tafe, kuma da yawanmu Augie za mu, ko Gulma, ko Kangiwa, ko Bunza, ko ƙasar Zuru inda har yanzu ake yin Uhola bayan girbi. Wayar nan da ta kawo mana hoton fatalwar Amurka tana ɗaukar murya. Ku sami kaka ko wani dattijo na unguwa, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku kai ɗan goro, kada ku fara da wa'azi, kada kuma ku yi dariya. Ku nemi izni kafin ku ɗauka, wanda ya ce kada a kama sunansa a bar shi. Ku tambayi me ake yi idan kabewa ta nuna a zamanin ƙuruciyarsa, wa yake sa rana, a wane fili, wace shekara aka daina, wa ya hana. Ku rubuta sunan garin da ranar da kuka yi hirar, ku rubuta maganar da Kabancinta ko Arancinta yadda ta fito, kada ku gyara ta zuwa Hausar Kano. Idan aka dawo, a kawo wa editan wannan mujalla, a ware mata shafi biyu a kowace fitowa.

Shugaban taro, mun ga ana yi mana nuni da agogo. Muna jiran tambayoyi, musamman daga 'yan Argungu da muka hango a bayan zaure suna girgiza kai tun da muka ambaci zamanin Kanta.